Eka Ɗaya Da Rabi: Wasan Da Ya Firgita Azzaluman Kenya

Ranar Laraba 28 ga watan Mayun 2025 ne shahararren marubucin nan na ƙasar Kenya, Ngugi wa Thiong'o, ya mutu a Amurka yana da shekara 87 a duniya. Nan da nan sai ga saƙonnin ta'aziyya suna ta kwarara daga fadar gwamnati, Shugaba William Ruto da muƙarrabansa suna ta zuba yabo, wai an yi rashin gwarzo, wai ƙasa ta yi asarar ɗanta. Abin da ba su faɗa ba shi ne, kwana 48 kacal kafin wannan rana, 'yan sandan wannan gwamnati sun harba barkonon tsohuwa a garin Nakuru domin tarwatsa jama'ar da ta taru saboda wasan kwaikwayon wasu 'yan mata 'yan sakandare. Da Ngugi na wurin da ba sai an yi masa bayani ba, domin a kan irin wannan laifin ne aka ɗauke shi daga gidansa cikin dare a ƙarshen shekarar 1977.

Akwai 'yan'uwa matasa da dama da in aka ambaci wasan kwaikwayo sai su yamutsa fuska, su ce ai shirme ne, sunansa ma wasa. Ba a ga laifinsu ba, domin akasarin abin da ake nuna musu da wannan suna rawa ce da tallar fitsara. To amma ga tambaya: in har wasa ne kawai, me zai sa gwamnati mai soja da 'yan sanda da gidan rediyo ta soke lasisin wasan ƙauyawa, ta ɗaure malamin jami'a kusan shekara guda ba tare da ta kai shi gaban alƙali ba, daga baya kuma ta aika da motoci uku cike da 'yan sanda masu bindigogi su rushe dandalin da aka yi wasan? Azzalumi ba ya tayar da runduna a kan abin da bai ba shi tsoro ba.

Sunan wasan Ngaahika Ndeenda da harshen Kikuyu, wato zan yi aure lokacin da na ga dama, kuma da wannan ma'anar aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1982. Ngugi wa Thiong'o da takwaransa Ngugi wa Mirii ne suka rubuta shi. Sunan zai iya yaudarar mutum ya zaci labarin soyayya ne, alhali kuwa labarin gona ne, da yadda ake raba talaka da ita yana ji yana gani, kai har ma da sa hannunsa.

Ba za a fahimci zafin wasan ba sai an san tarihin ƙasar. Turawan Ingila da suka mamaye Kenya zama suka zo yi. Suka ƙwace ƙasar noma mafi albarka ta kan tuddai, suka keɓe ta ga farar fata zalla, suka mayar da masu ita 'yan ƙodago a gonakin kakanninsu. A 1952 aka kafa dokar ta-ɓaci saboda tawayen Mau Mau, waɗanda suka shiga daji suna neman abu biyu, ƙasa da 'yanci. Bature ya rataye sama da mutum dubu, ya tsare dubun dubata a sansanoni, ya tattara mutanen karkara sama da miliyan ɗaya a ƙauyukan dole. Jagoran mayaƙan, Dedan Kimathi, an rataye shi a kurkukun Kamiti a watan Fabrairun 1957. Kuma Bature bai yi wannan aiki shi kaɗai ba, yana da 'yan ƙasa da ya ba bindiga suka zama karnukan farautarsa. Da aka ba da mulkin kai a Disambar 1963 sai aka ce ba a karɓar gona kyauta, sai dai a saya daga hannun Baturen da ya ƙwace ta, Ingila ma ta ba da rancen kuɗin sayen. To wa ke da kuɗi da hanyar banki a lokacin? Wanda ya share shekaru a daji ko a sansani dai ba shi da ko anini. Wanda ya yi wa Bature aiki shi ke da su. Aka wayi gari an ba kura ajiyar nama.

Kamiriithu ɗaya ne daga cikin waɗancan ƙauyukan dole, a yankin Limuru, kimanin kilomita 30 daga Nairobi. Mazaunansa 'yan ƙodago ne a gonakin shayi da kofi, wasu kuma leburori ne a kamfanin takalma na Bata. A 1976 suka farfaɗo da wata cibiya tasu, suka buɗe ajin yaƙi da jahilci. Ngugi a lokacin shi ne shugaban sashen adabi na Jami'ar Nairobi, kuma gidansa ba nisa. Shi da kansa ya ba da labarin wata mata da ta riƙa sintiri gidansa tana matsa masa, tunda an ce yana da ilimi yana rubuta littattafai, ya kawo wa ƙauyen kaɗan daga ciki. Da ya amsa, sai ya tarar ba zai yiwu ya yi musu da Ingilishi ba, dole sai da harshen da suke mafarki da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne asalin laifin. Ƙauyawan da hannunsu suka gina dandali a fili mai ɗaukar mutum sama da 2,000. Aka riƙa gwaji a bainar jama'a, mai wucewa ya tsaya ya yi gyara. Tsofaffi suka gyara wa farfesa harshensa, leburori suka ce bai faɗi wahalar kamfani yadda take ba, sai ya ƙara. Waɗanda suka sassaƙa bindigogin wasan, a cikinsu akwai waɗanda suka ƙera wa Mau Mau na gaske a shekarun ta-ɓaci. Mutum sama da 200 ne suka shiga aikin. Ranar 2 ga Oktoban 1977 aka buɗe.

Ga abin da suka nuna. Kiguunda ɗan ƙodago ne a gonar wani attajiri mai suna Ahab Kioi wa Kanoru. Ya yi yaƙin ƙwatar 'yanci, amma ladansa bai wuce ɗaki ɗaya ba, da mata mai suna Wangeci, da 'ya budurwa mai suna Gathoni, da wata gona eka ɗaya da rabi. Takardar mallakar gonar tana cikin gilashi a rataye a bango, kullum sai ya sauko da ita ya shafa. A ranar da wasan ya fara gidan ko gishiri babu, sai an aiki yarinya maƙwabta, ga shi kuma maigida Kioi da matarsa Jezebel sun aiko za su zo ziyara. Masu kallo sun san ma'anar waɗannan sunaye tun kafin su buɗe baki. A Baibul, Ahab sarki ne na Bani Isra'ila wanda ya yi kwaɗayin lambun inabin wani talaka, matarsa Jezebel ta shirya shaidun zur aka kashe mai lambun, sarki ya gaje shi, har Annabi Ilyasu (AS) ya je ya tsare shi da maganar.

Me ya kawo attajiri ɗakin yaronsa? Kioi da abokin cinikinsa Ikuua wa Nditika 'yan baranda ne na wani kamfanin ƙasar waje da ke son kafa masana'antar maganin ƙwari. Ba za su yarda a kafa ta a unguwarsu ba saboda wari da guba, sai a unguwar talakawa, kuma gonar Kiguunda ta dace. An rubuto masa takarda a kan ya sayar, bai sayar ba. Saboda haka da baƙin suka zo ba su yi maganar gona ba sam. Wa'azi suka yi. Suka ce auren da Kiguunda da Wangeci suka yi bisa al'ada shekaru da yawa da suka wuce zaman zunubi ne, sai su je coci a sake ɗaura shi. Har da ɗan rakiya suka zo, wani tsohon karen farautar Bature da ya ce ya tuba ya sami tsira, kuma tun da ya sami tsirar kasuwa ta buɗe masa. Kiguunda ya fusata ya kore su.

A nan ne wasan ya nuna gwaninta, domin bai mayar da talaka mala'ika ba. Ɗan Kioi, John Muhuuni, yana zuwa da mota yana yi wa Gathoni ham a bakin hanya. Sai Wangeci ta yi lissafi: ai ba don komai suke so a gyara auren ba sai don suna son haɗa zuri'a, ba za su auri 'yar gidan da ba na coci ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Maƙwabcinsu Gicaamba, leburan kamfani wanda jiniya ke tashinsa jiniya ke sallamarsa, ya zauna shi da matarsa Njooki suka yi musu bayani dalla-dalla, cewa mai kuɗi ba ya haɗa jini da yaronsa, cewa gumin lebura a nan yake zuba amma ribar ƙetare take tafiya, cewa su bambance tsakanin Allah da addinin da attajiri ke yawo da shi a aljihu. Suka ji, amma ba su ɗauka ba. Suka tafi gidan Kioi, inda aka wulaƙanta su ana cin abinci suna kallo, suka ce sun yarda. To bikin coci sai da kaya, sai da zobe, sai da kek, ina kuɗi? Kioi ya ce ba ya ba da rance, amma ga banki, shi zai tsaya masa, takardar gonar nan kawai za a ajiye jingina.

Mai karatu ya lura, ba a zo da bindiga ba, ba a zo da katafila ba. Mutumin da ya ƙi sayar da gonarsa shi ya ɗauko takardar da hannunsa ya kai. A fitowa ta gaba ɗakin ya cika da sababbin kujeru da rediyo da kayan bashi, a gurbin takardar gonar kuma an rataye allon addu'a irin na gidan Kioi. Suna cikin gwada yadda za su yi tafiyar ango da amarya sai ga Gathoni ta shigo tana kuka. John ya kai ta Mombasa, ta yi ciki, da ta faɗa masa ya kira ta karuwa ya watsar da ita. Iyayen suka ruga gidan Kioi, shi kuwa ya ce ɗansa mai tarbiyya ne, in suna da ja su tafi kotu a ga wanda doka za ta bi. Kiguunda ya zare takobinsa na zamanin yaƙi ya sa attajiri rarrafe, sai ga Jezebel da bindiga. Takobi ya faɗi. Aka kore shi daga aiki, ya kasa biyan banki, aka yi gwanjon gonar, Kioi ya saye. Gathoni ta koma raba giya a mashaya, uban ya koma shan ta, yana sayar da kayan ɗaki, yana dukan matarsa. Gicaamba ne ya shiga tsakani, yana ce musu faɗan da suke yi da juna ba su san inda ya kamata su kai shi ba, aka rufe da kiran ma'aikata da manoma su haɗa kai.

Wasan yana da nasa rauni. Jawaban Gicaamba sukan yi tsawo har su koma lacca, kuma Ngugi a tunaninsa ɗan gurguzu ne, yana auna komai da ma'aunin aji da jari. Ba sai an bi shi a aƙida ba kafin a yarda cewa abin da ya gani yana nan. Kada kuma wani ya yi saurin cewa ai wannan matsalar coci ce. Marubutan da 'yan wasan da masu kallon akasarinsu a coci aka raine su, kuma ba Annabi Isa (AS) suka tuhuma ba. Attajirin da ya mayar da ibada tarkon kama gonar maƙwabci suka tuhuma, shi kuwa ana samun sa da kwat, ana samun sa da babbar riga da carbi.

Jama'a suka riƙa ɗaukar shatar motoci daga garuruwa masu nisa suna zuwa kallo, wasu suna kiran wasu da sunayen mutanen wasan, wannan Kioi ne, wancan Kiguunda ne. Mako shida gwamnatin Jomo Kenyatta ta iya jurewa. Ranar 16 ga Nuwamba Kwamishinan gundumar Kiambu ya janye lasisin. Ranar 31 ga Disamba aka kama Ngugi, aka kai shi Kamiti, gidan da aka rataye Kimathi shekara 20 kafin nan. Wanda ya sa hannu a takardar tsarewar shi ne Daniel arap Moi, Mataimakin Shugaban Ƙasa kuma Ministan Harkokin Cikin Gida. Ba tuhuma, ba shari'a. A can ne ya rubuta labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar ban-ɗaki. Sai a Disambar 1978, bayan mutuwar Kenyatta, aka sake shi, kuma ba a mayar da shi aikinsa na jami'a ba.

Abin lura a nan shi ne, Ngugi ya daɗe yana caccakar waɗannan mutane da Ingilishi ba wanda ya taɓa shi. Wasan da suka rubuta shi da Micere Mugo a kan shari'ar Dedan Kimathi, Kenya ta kawo shi Legas wajen bikin FESTAC a farkon 1977. Littafinsa Petals of Blood, wanda ya yi wa 'yan barandan jari kaca-kaca, Ministan Kuɗi Mwai Kibaki ne ya ƙaddamar da shi a watan Yulin wannan shekarar. Wato muddin maganar tana cikin Turanci, tana yawo tsakanin 'yan boko a zauren jami'a, ba matsala, har minista zai zo ya yi jawabi a tafa. Ranar da tsohuwa mai tsinkar ganyen shayi ta ji ta da harshenta, ta gane, ta hau dandali ta faɗe ta da bakinta, ranar ta zama barazana ga tsaron ƙasa. A 1982 mutanen Kamiriithu suka sake shirya wani wasan, aka hana su lasisi, a watan Maris 'yan sanda suka zo suka baje dandalin. Marubutan biyu suka yi gudun hijira. Ngugi wa Thiong'o bai sake taka ƙasarsa ba sai a 2004.

Masu cewa wannan tsohon zance ne, an wuce wurin, sai su ɗauki abubuwan da wasan ya nuna su auna da yau. Gona: hukumar binciken Ndung'u ta ba da rahoto a 2004 cewa an yi takardun mallakar filaye na haram kimanin 200,000 daga 1962 zuwa 2002, kuma manyan ƙasar ne a gaba wajen rabon. A 2013 gwamnatin Ingila ta yarda ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin lauyoyi, ga tsofaffi 5,228 da aka azabtar a zamanin ta-ɓaci, ta bayyana nadama, amma ko taki ɗaya na gona bai dawo ba ta wannan hanya. Gandun Soysambu na zuri'ar Lord Delamere, a kusa da Nakuru, ya kai kimanin eka 48,000. Na Kiguunda eka ɗaya da rabi ne, shi ne kuma ya tsone wa attajiri ido. Manoman Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, waɗanda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa wuta a watan Afrilun 1980 don sun nemi diyyar gonakin da aikin dam ya cinye, ba sa buƙatar tafinta kafin su gane wannan wasa.

Bashi kuwa ya ma fi na da sauƙin kamu. Kiguunda sai da ya je banki da takarda, jikansa a waya ake ba shi cikin minti biyu da kuɗin ruwa mai yanka wuya. Ita kanta ƙasar ta zama Kiguunda babba: a 2024 fiye da rabin kuɗin harajin da take tarawa wajen biyan bashi yake tafiya, Asusun Lamuni na Duniya yana tsaye a kanta, gwamnati ta kawo dokar ƙarin haraji a kan talaka. Matasa suka fito, ranar 25 ga Yuni suka kutsa cikin majalisar dokoki, jami'an tsaro suka kashe gommai a makonnin zanga-zangar, Ruto ya janye dokar ba don yana so ba.

Kuma waɗannan matasa, waɗanda akasarinsu Kiristoci ne, ba su tsaya a majalisa ba, sun juya kan wuraren ibadarsu suna cewa a daina ba ɓarayin gwamnati mumbari saboda damin kuɗi. A Nuwambar 2024 cocin Katolika na Nairobi ya ƙi karɓar gudummawar da Ruto ya bayar, ya ce a mayar masa da abinsa. A watan Maris na 2025 matasa suka yi zanga-zanga a wani coci a unguwar Roysambu bayan shugaban ya yi alkawarin ba shi shilin miliyan 20, 'yan sanda suka tarwatsa su. Maganar da Gicaamba ya yi a ɗakin Kiguunda a 1977 ce ta fito titi.

Sai Gathoni, wadda ya kamata samari su fi tsayawa a kanta. Tun farkon wasan ta faɗa wa uwarta cewa an kai ɗan'uwanta makaranta, ita an bar ta tana tsinkar shayi don a biya masa kuɗin karatu. Yarinyar da ba a ba ilimi ba, ba a ba sutura ba, kullum ana yi mata gorin ta ƙi aure, ita ce aka ga laifinta da ta bi mai mota. Uban da ya yi shiru lokacin da yake hangen surukuta da attajiri shi ne ya kore ta da ciki ya bayyana. John kuwa ko fitowa dandali bai yi ba, ƙarar ham ɗinsa kawai ake ji, kuma har aka tashi ba abin da ya same shi. Masu karatun Hausa sun san irin wannan a Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya fito a 1979, kuma karin maganar da aka ciro sunan ta riga ta faɗi wanda ake ɗora wa laifi: jaba.

A 2022 aka sake nuna Ngaahika Ndeenda a babban zauren wasanni na ƙasa a Nairobi, da Kikuyu da Ingilishi, ba wanda aka kama. Wasu suka ce to ga shaida, Kenya ta canja. Ba ta canja ba, lissafi aka yi. Wasa mai shekara 45, a zauren da ake shiga da tikiti a tsakiyar birni, wanda azzaluman da ya zaga sun mutu, ba ya hana kowa barci. Gwajin gaskiya ya zo ne a Afrilun 2025, lokacin da 'yan matan sakandaren Butere suka zo gasar wasannin makarantu ta ƙasa da wasa mai suna Echoes of War, a kan matasan wata masarauta ta ƙage da suka tayar wa masu mulkinsu. Wanda ya rubuta shi, Cleophas Malala, tsohon sanata ne da suka ɓata da Ruto, ba waliyyi ba ne, yana da tasa manufar. Amma yaran fa? An so a cire su daga gasar, babbar kotu ta ce sai sun yi. A daren jajibiri 'yan sanda suka tsare Malala. Da gari ya waye ranar 10 ga wata aka hana 'yan kallo da 'yan jarida shiga zauren. 'Yan matan suka hau dandali suka tarar da kujeru wayam, suka rera taken ƙasa, suka sauko suna kuka suna tambayar ina daraktansu. A waje kuwa barkonon tsohuwa na jiran su. Bayan kwana 48 Ngugi ya mutu, fadar shugaban ƙasa ta fitar da saƙon ta'aziyyarsa.